Surukina da Itacen Tut na Ɗa'ifa

Na zauna makoki da dama a Jidda, amma ban taɓa ganin inda liman ya gaji da hana dariya ba sai a na surukina. An shimfiɗa tabarmi a lungunmu na Karantina, an jera kujerun haya saboda Larabawan da gwiwarsu ba ta son ƙasa, ana zagayawa da gahawa. Mutum zai shigo da fuskar da ta dace da wurin, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba," ya zauna ya sunkuyar da kai. Ba a jimawa na kusa da shi zai raɗa masa, "Ka tuna ranar da karyayyen baka ya tashi da hular ladan?" Shi ke nan, sai ka ga kafaɗu suna rawa. Liman ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, shekaranjiya fa muka kai shi." Aka yi tsit. Can sai shi limamin ya yi gyaran murya ya ce, "Amma dai hular nan, har yau ba a gan ta ba."

Wanzamin unguwa, wani Bakano da ya shafe shekaru yana wasan zagi da marigayin saboda shi Bazazzagi ne, ya zauna can gefe, gahawarsa ta huce bai taɓa ba. Ya ce, "Bawan nan nawa ya yi mini rashin kunya. Ina aka taɓa ganin bawa ya riga ubangidansa shiga gida?" Yana faɗa yana dariya, hawaye na gangarawa cikin gemunsa. Wanda ya fi kowa kuka kuwa ba ma Bahaushe ba ne, wani ɗan Yaman ne mai ɗinkin katifa a unguwar Nuzla, zan zo kan labarinsa. Inna, matar marigayin, da ta ji hayaniyar daga cikin gida sai ta aiko a gaya wa liman ya ƙyale mutane. Ta ce mai gidan da kansa bai taɓa zuwa makoki ya tashi bai sa wani ya ƙware da shayi ba.

Ba zan rubuta sunansa ba. 'Yarsa nake aure, kuma a gidan da na fito, can cikin Hausawan Sudan, mijin 'ya ba ya kama sunan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. Mutuwa ba ta ɗauke wannan ba. Na daɗe ina koyar da lissafi da labarin ƙasa, na kira sunayen sarakuna da koguna ba ko ɗar, amma wannan suna guda alƙalamina ba zai iya ba. Baba muke ce masa, Baba zan ce. Ina rubutun ne saboda jikokinsa, masu jin Hausa su amsa da Larabci, kada wata rana su ɗauka kakansu mai gadin katako ne kawai.

Maharbi ne ɗan maharbi, daga dazukan kudancin Zazzau. Ya fito hajji da ƙafa, ya yi shekaru a hanya yana noman auduga a Sudan, ya haye bahar, ya sauke farali, sannan kamar sauran Takari irinsa ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Hutun ne ya kai shi kabari. Yakan ce shi kaɗai ne maharbin da Allah ya yi wa barkwanci, ya kawo shi kusa da Makka, inda tattabara za ta sauka a kafaɗarka ba halin ka ce mata ko cas. Ya sami gadi a wani siton katako kusa da tashar jiragen ruwa, aikin da ya yi da gaskiya da kuma raini. Duk katakon da aka sauke, gawa yake kiransa. "Wannan gawar Indiya ce, waccan ta Turawa. Itacen da zarto ya bi ta ko'ina har ya manta ina ne kansa, me za a yi da shi in ba ƙofa ba?"

Abin da ya dame shi a Jidda ba zafi ba ne, ba kuma iƙama ba, wato takardar izinin zama. Garin ba shi da itacen baka. Ya gwada kurnar Larabawa, ta yi masa gardama. Ya gwada reshen dabino, ya ce wannan tsintsiya ce da ta yi girman kai. In an ce masa, to ina ma naman da za ka harba a nan, in ba kuliyoyin kasuwar kifi ba? Sai ya ce, "Ladan yana fasa kiran salla don mutane suna barci?"

Wata shekara cikin sanyi kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a kan takardun zama, ya ara shi ga wani tsohon Balarabe mai lambu a Ɗa'ifa, can kan duwatsu, ana rage wa itatuwa rassa. A lambun akwai itacen da Larabawa ke kira tut, mai 'ya'ya baƙi-baƙi masu zaƙi da ke rina baki. Lokacin ganyensa duk ya zube. Baba ya janyo wani reshe zai sara, reshen ya kuɓuce ya dawo ya zabga masa mari. Ya ce zama ya yi a ƙasa, kunne na ƙara, yana ta dariya, har mai lambun ya rugo yana zaton aljanu ne. "Tun da na bar gida," in ji Baba, "ba wanda ya gaishe ni da Hausa irin ta itacen nan." Ya saro sanduna ya sauko da su, bayan shekara ya sassaƙa bakan da ya ce ko ubansa zai yi sha'awa. Mai lambun ya ce masa duk shekara warhaka ya zo ya sari abin da yake so. Ranar da ya sauko da sandunan ya tambayi Inna wane wata ake ciki. Ta ce Rajab.

A can ƙasarsu bai taɓa buƙatar sunan wata ba. Daji ke gaya masa lokaci: ciyawa ta bushe, ganye ya zube, to saran itace ya yi. Jidda kuwa ba ciyawa ba ganye, zafi ne ƙarami da zafi babba. Sai ya ɗaure lokacin a jikin Rajab kamar yadda ake ɗaure akuya a turke, bai lura turken na tafiya ba. Tsohon mai lambun ya rasu ba da daɗewa ba, ya bar wa ɗansa wasiyya cewa in Takarin nan ya zo, ko yaushe ne, a buɗe masa. Ɗan mai ladabi ne. Yana buɗewa, ba ya tambaya.

Shekarun farko komai lafiya. Baba ba ya sayar da baka. Lokacin hajji sai ya riƙa zaga masaukin alhazan ƙasar Hausa yana musabaha, yana shafa yatsun mutane a ɓoye. In ya ji kanta a inda tsirkiya ke ci, sai ya riƙe hannun ya ce, "Wane daji?" Ranar nan wannan alhaji a gidan Baba zai ci tuwo, su wuni suna lissafa namun da suka kashe, rabi gaskiya, rabi kuwa Allah ya yafe musu. Ranar komawa a miƙa masa baka naɗe cikin tsumma, Baba ya ce, "Ka kai shi ya ga gida."

Yana da rigima da karin maganar nan ta itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce wanda ya fara faɗarta bai taɓa yin baka ba. "Ɗanye in ka tanƙwara shi, a tanƙware zai mutu. Wanda ya bushe da haƙuri shi ke sunkuyawa ya miƙe." Na so in kai wannan makaranta, sai na ga zai rushe mini sana'a gaba ɗaya.

Farkon aurenmu, in na je gaishe su Inna ta kawo abinci, ni ba halin ci yana zaune. Sai ya miƙe ya ce wa bango, "Af, na manta wanzami na jirana." Ya fita ya tsaya a rana a bakin lungu har sai ya ga an fito da kwano. Kansa kuwa ƙwal yake tun jiya. Haka muka zauna shekaru. In yana da magana da ni ya faɗa wa bango ko buta, ni kuma in amsa wa tabarma.

Na shigo gidan daidai lokacin da abin ya fara lalacewa. Sandunan da yake saukowa da su suka fara tsagewa tun suna rataye, wasu ƙwari su cinye, wanda ya kai ga sassaƙa kuma in an ɗaura tsirkiya an ja sai ka ji ƙas. Mafi shahara shi ne na bayan masallaci ranar salla, wanda rabinsa ya tashi sama ya ɗauke hular ladan ya haye katanga da ita. A nan ɗan Yaman ya shigo. Masu katifa da wani irin baka suke shiɓar auduga, kuma guntayen na Baba sun yi masa daidai. Duk ranar gwaji sai ya zo ya tsaya gefe da buhunsa, cikin ladabi ƙwarai, yana jiran ƙas. Inna ma ta ɗauki guntu ɗaya ta yi bakan shiɓa. Wanzami ya ce, "Bazazzagi ya ci gaba. Da ɓauna yake kashewa, yanzu auduga."

A waje Baba yana taya su dariya. A gida sai ya zauna yana juya tafin hannunsa yana kallo. Ya zargi ruwan lambun. Ya zargi takin zamani. Ya ce sanyin bana ne ya makara, shekara ta zagayo ya ce ya ƙara makara. Da abin zargi ya ƙare sai ya dawo kan kansa. Wata rana ina tsakar gida ya ce wa buta, "Ubana ya gaya mini hannu yakan riga mai shi mutuwa. Sara ɗaya ya rage. In shi ma ya karye, gizago ya tafi bahar, ni kuma in zauna in jira tawa." Mai ɗakina ta shige ɗaki tana kuka. Ba mu taɓa jin ya yi magana bai liƙa mata dariya a wutsiya ba sai ranar.

Ni kuwa na san inda matsalar take, kuma ba wani zurfin ilimi ba ne, darasin 'yan aji huɗu ne. Shekarar wata ta gaza shekarar rana, saboda haka watanni suna zamewa baya sannu a hankali. Rajab ɗin da ya same shi cikin sanyi ya riga ya zame ya faɗa cikin zafi, lokacin da itace ke cike da ganye da ruwa. Shi ma ya san haka game da azumi, don yakan ce ya yi na sanyi ya yi na zafi. Bai dai taɓa haɗa wannan da Rajab ɗinsa ba, mutum ba ya tuhumar abin da ya taɓa yi masa alheri. To amma ta yaya mijin 'ya zai dubi surukinsa ya ce, Baba, shekara da shekaru kuskure kake yi?

Na bi hanyar da al'ada ta tanada. Na gaya wa mai ɗakina, har na zana mata rana da wata a bayan faranti. Ta gaya wa Inna. Inna ta ce, "Wato ni na yi ƙarya ke nan da na ce Rajab?" Saƙon ya mutu a nan, aka binne shi a madafi. Na gwada babban ɗansa, haifaffen Jidda mai tuƙa babbar mota, wanda Baba ke kira Direba don ɗan fari ne ba a kama sunansa. Ya ce, "Ya ustaz, wallahi maganarka mazbut, daidai take. Amma ni in faɗa masa? Khalas, a bar zancen, nemi wani." Sai na tafi aski.

Wanzamin ya saurare ni askarsa na kan maƙogwarona, ya yi dariya har na fara salati. Ya ce, "Malam, ka ba ni abincin shekara." Da la'asar a wurin mai shayi, gaban kowa, ni ma ina can gefe, ya buɗe murya.

"Kai Bazazzagi! Ashe Rajab ya yi ƙaura ya bar ka kana gadin kango? Kowa ya ga wata na tafiya sai kai. Itace na cikin shayarwa kana sare shi, ka dawo ka ce wai hannu!"

Baba ya ce, "Bakano ya san wani itace ne in ba sandar awon yadi ba? Wa ya gaya maka?"

"Tsuntsu."

"Wane tsuntsu?"

"Mai tabarau."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba bai dube ni ba. Ya kurɓi shayi ya ce wa kofin, "Tsuntsayen zamani har da karatu."

Bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba. Rajab ya zo, karo na farko bai tafi ba, ya ce ƙafarsa ce. Sai na gane saran nan ɗaya da ya rage masa a kan maganata ya ɗora shi, barci ya fara yi mini wuya. Da Zulƙida ta kama, iskar Jidda ta ɗan yi laushi, Direba ya ce yana da lodin siminti zuwa Ɗa'ifa. Baba ya ce zai bi shi ya gaida ɗan mai lambu, gaisuwa kawai. Na ga Inna tana cusa gatari cikin buhun guzuri; gaisuwar Zazzagawa ke nan. Sannan ya ce wa ƙofa, "In akwai mai son ganin duwatsu, mota da fili."

Fili kam akwai, a gaba, kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Wannan ba zai yiwu ba. Na hau baya kan buhunan siminti da 'yar rigata ta makaranta. Hanyar tana naɗe dutse kamar rawani, hazo ya rufe ko'ina, birai na zaune a gefe suna kallona da tausayi. Na sha koya wa yara cewa sanyi yana ƙaruwa in ana hawa sama, ranar haƙorana suka yi ta maimaita darasin. A wata kwana sai ga bargo ya leƙo ta taga, hannun Baba na riƙe da shi. Na ji yana ce wa Direba, "Simintin nan zai ji sanyi."

Ɗan mai lambun ya fito da murna yana cewa, "Ahlan ya ammi," wato maraba da kawu, "bana ka makara." Baba ya tsaya a bakin lambun. Itatuwan tut tsirara suke, ba ganye ko ɗaya, kamar yadda ya fara ganinsu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya je ya kafa farce a ɓawon wani reshe. A 'yan shekarun nan in ya yi haka farin ruwa ke fitowa kamar nono, ɓawon ya saluɓe. Ranar kuwa ƙam, ba ko ɗigon ruwa. Ya janyo reshen ya saki, ya kauce da saurin wanda ya taɓa shan mari. Sai ya ce wa itatuwan, "Sannunku da barci. Ashe ni ke zuwa ina katse muku aiki."

Ya juya kan ɗan mai lambun, Direba na fassara. "Kai kuma, duk shekarun nan kana kallona ina saran ɗanye, ba ka ce komai ba?"

Mutumin ya ce, "Ya ammi, na ɗauka haka ake yi a ƙasarku."

Baba ya yi dariya har sai da ya dafa itace. "Kowa yana da ladabi," ya ce, "ni kaɗai nake asara."

Ban taɓa ganin aikinsa a cikin itatuwa ba sai ranar. Ya wuce na bakin rijiya, ya ce sun sha daɗi da yawa, ba su da ƙashi. Ya hau gefen dutse inda suka girma da wahala. Reshen da ya tashi a miƙe yake nema, mai kaurin tsintsiyar hannu, ba ido ba murɗa. Ya rufe ido ɗaya ya bi shi da kallo daga gindi zuwa kai, ya ƙwanƙwasa da ƙotar gatari ya kasa kunne, sau da yawa ya girgiza kai ya wuce. In ya zaɓa sai ya yi bisimilla, ya ce, "Aro ne," ya sare a karkace don kada ruwan sama ya kwanta a wurin. Cikin itacen rawaya ne kamar gwaiduwar ƙwai. Ya shafe bakin sara da kitsen raƙumi don kada sanda ta tsage, bai taɓa ɓawon ba, ya ɗaure su tamau a jikin wata miƙaƙƙiyar gora. Gindin da ya sara kuma ya lulluɓe shi da laka, kamar mai ɗaure wa wani rauni. Direba ya dubi rana ya ce, "Yalla ya abuya, a yi sauri." Baba ya ce, "Kai dai taya ka sani. Itace ba ya jin yalla."

Da muka dawo, tun daga zaure ya ɗaga murya, "Ina mai Rajab?"

Inna ta fito da muciya a hannu. "Ka tambaye ni wane wata ne, na gaya maka. Ka ce in riƙe maka shi kada ya tafi?"

"Shekara nawa kina shiɓa da bakana kina jin daɗi!"

"Da ka yi na kirki ai da ban samu ba."

Kwana biyu ba ya yi mata magana sai ta bakin buta, wato ya mai da ita suruka, matsayin da ni na san daɗinsa. Amma ita da kanta ta rataye sandunan a saman murhunta, inda hayaƙi ke korar ƙwari, ta ce duk wanda ya taɓa su ya nemi wani gidan cin tuwo.

Sai jira. Itacen yana son shekara guda a hayaƙi, kuma a cikin shekarar nan ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Ya rame, ya bar gadi. Abu ɗaya muke tsoro duka, ba wanda ya furta: kada ya tafi kafin itacen ya bushe, ya tafi yana zaton hannunsa ya mutu. Mai ɗakina ta roƙe shi ya sauko da ɗaya ya gwada tun da wuri. Ya ce, "Don ni ina sauri sai itace ya yi sauri?" Kullum da safe a tallafe shi zuwa madafi, ya ƙwanƙwasa su da yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Da saura."

Da sanyi ya zagayo ya ce ya yi. Ya zaɓi ɗaya ya zauna da ita a tabarma, gizago tukuna, sannan wuƙa, sannan fasasshiyar kwalba. Ya kankare kaɗan, ya ɗora a gwiwa ya duba, ya sake kankarewa. In numfashi ya tsaya masa ya jingina da bango, sandar na kan cinyarsa. Ya murza tsirkiya da fatar raƙumi, ya shafa wa itacen man shanu har ya koma launin zuma.

Aka sa gwaji bayan babbar salla, alhazai na jiran jirgi, a filin da ke bayan unguwa wajen bahar. Rabin Karantina ya zo. Ladan ya zo da hularsa a hammata. Ɗan Yaman ya zo da buhunsa. Wanzami ya ɗauko gizagon Baba da kansa, ya ce don kada a wahala komawa gida, tunda ga bahar kusa. Ni ina can baya, ina tunanin in bakan nan ya karye, da darasin aji huɗu na kashe tsohon nan.

Baba ya taka gindin bakan, Direba ya taimaka aka ɗaura tsirkiya. Ya ɗora kibiya. Mutane suka sunkuya, saboda sabo. Ya ja. Tsirkiya ta taso kaɗan ta tsaya. Ya ciji leɓe ya ƙara ja, jijiyoyin wuya sun tashi. Bakan ko gezau. Ya sassauta, ya dubi bakan, ya dubi hannunsa. 

Sai Baba ya fashe da wata dariya da ban taɓa jin irinta ba, har tari ya sarƙe shi.

"Ku shaida! Ya ƙi ni! Wallahi ya ƙi ni!" Ya ɗaga bakan sama yana juyawa da shi. "Bakano, ka gani? Damtsen ne ya tsufa. Hannun yana nan!"

Wanzami ya share ido da hannun riga ya ce, "Bakan da ba a ja ba ai sanda ce. A ja mu gani."

Wani ƙaton alhaji, wanda Baba ya riga ya shafa yatsunsa tun kafin Arfa, ya matso ya karɓa da hannu biyu. Ya gyara tsayuwa ya ja, ya ci gaba da ja har tsirkiya ta kai kunnensa, ya riƙe a nan, muna jiran ƙas. Sai ya saki. Tsirkiya ta yi kuka, kibiya ta wuce tulun da aka kafa don a harba, ta wuce filin, ba wanda ya ga inda ta sauka. Bakan ya miƙe kamar ba a taɓa shi ba. Alhajin ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, "Baba, wannan ba a ɗauke shi don zomo ba." Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan katanga. Ɗan Yaman ya naɗe buhunsa, ya zo ya sumbaci Baba a ka, ya ce bai taɓa yin asarar da ta yi masa daɗi haka ba. Baba ya fizge gizagonsa daga hannun wanzami ya ce, "Kawo, kafin ka yi wa wani aski da shi."

Sannan ya ratsa mutane ya zo har inda nake. Ya dube ni, ni kaina, ya ce, "Malam, na gode." Na durƙusa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya ce wa jama'a, "Ku gan shi, a gaban yara ba ya shiru."

Allah ya ƙara masa 'yan shekaru bayan nan, kuma bai ɓata ko ɗaya ba. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa inuwar da ya tarar ta fi ta lambun Ɗa'ifa sanyi. Duk bakan da ya sassaƙa daga baya, shi ke fara gwadawa a tsakar gida, ya kasa ja, ya aika a kira wanzami ya zo ya shaida. Na ƙarshe, 'yan makonni kafin rasuwarsa, a zaune ya gwada shi, mai ɗakina na tallafe da bayansa. Ya sa yatsu ya ja da duk abin da ya rage masa. Tsirkiyar ko motsi ba ta yi ba. Ya jingina yana haki, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Kai! Wannan ya fi duka."